Zakaran da Sahabi Ya Aiko

Ku da kuke biye da ni a labarin nan, ku gyara zama, don abin da zan faɗa yau har yanzu bai bar raina ba. Wanda kuma yau ya fara cin karo da ni, sunana Hanatu, 'yar Malam Ɗahiru manomi a Bungudu. Bazawara ce ni. Mijina na fari gulbi ya ci shi da damina, ban haihu da shi ba, na gama takaba na dawo ɗakin da na tashi a ciki. Shekarar da nake ba ku labarinta ita ce wadda ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a Gusau. Duk saurayi mai ƙarfi ya tafi can lebura, kaza kuma ta yi daraja, domin leburori da kukun Turawa ba sa ƙoshi da nama da ƙwai.

Kaji iri biyu gare ni. Akwai manya na gida irin na kowa, sai kuma waɗanda duk unguwa ke kira 'yan wando. Kawuna mai fatauci ne ya kawo mini mace da namiji daga Kurmi. Durgu ne, kaɗan suka fi tantabara, gashinsu laushi kamar audugar da aka shiɓa, ya sauko musu har kan yatsu. In suna tafiya sai ka ce yara ne suka sa wandon babansu. Ba wanda ke da irinsu daga nan har Tsafe.

A lokacin uwarsu, Guntuwa, ta ƙyanƙyashe ke nan. Ku da ba ku taɓa riƙe tsakon durgu a tafin hannu ba, ba za ku gane ba. Ba ya da nauyi, sai ɗumi da bugun zuciya. Ni ke daka musu tsakin gero lilis. Ni ke cusa busasshen kashin shanu da kara a tsohuwar tukunya in kifa ta a kan suri, washegari in ɗebo musu gara. Kaskon ruwansu sai na zuba tsakuwa a ciki kada ɗaya ya faɗa ya nutse, in jefa ɓawon maɗaci. Ba na sakin su sai raɓa ta bushe, saboda in gashin ƙafarsu ya jiƙe sai ya dunƙule ya zame musu ciwo. In na ga inuwar shirwa kuwa, ko tuwo nake tuƙawa sai na yar da muciya na kifa musu kwando.

Mai nemana Sahabi ne, mutumin Tsafe mazaunin Gusau. Sana'arsa bin ƙauyuka da jaki yana sayen kaji yana kai wa 'yan aikin jirgi. Ba zan ɓoye muku ba, ina son sa. Dogo ne, mai fara'a, in yana magana sai ki ji kamar ke kaɗai ce mace a ƙasar Zamfara. Sau biyu ya taɓa cewa in sayar masa da 'yan wando, wai kukun wani Bature ya ji labarinsu. Na ce ba na sayarwa ba ne. Ya yi dariya ya bar maganar, ni ma ban riƙe ta ba.

Ran nan da hantsi ina tsugune gaban akurki ina shafa wa Guntuwa toka saboda ƙuma, sai ga sallamar Tambaya. Tsohuwar dillaliya ce mai shiga gida-gida, ita ke kawo mini saƙon Sahabi. Ta sauke kwando daga ka tana nishi.

"Hanatu, mutumin naki na gaishe ki. Ya ce in gaya miki tun ranar da ya bar garin nan abinci bai yi mai daɗi ba."

"Ai kuwa wancan zuwan na ga ya ƙara ƙiba."

"Ke dai ba a iya miki." Ta kwance ƙunshi a kan faifai: goro fari, sabulun kanti, da fatala mai ruwan bagaruwa. "Wanga duk somin-taɓi ne. Ga babban saƙon."

Ta ɗaga murfin kwando. Zakara ne ja, ƙato, irin da ban taɓa gani ba. Inna ta fito daga madafa tana goge hannu da gefen zane.

"Tubarkalla. Wanga ai rago ne."

"Ya ce irin na Turawa ne," in ji Tambaya. "Ya ce ta sake shi cikin kajinta yau yau, irinsu ya yi girma."

Na durƙusa na dube shi. Kyakkyawa ne, ba ƙarya. Amma bakinsa a ɗan buɗe yake, alhali ba zafi ake ba. Zankonsa ya yi duhu daga gefe. Na ɗaga shi, sai na ji bai kai nauyin girmansa ba, bai kuma yi mini fizge-fizgen da baƙon zakara ke yi ba. Gindin kwandon an baza masa sabon yashi. Na sa tsinke na tona, sai ga kashi kore-kore a ƙasa, mai ruwa.

Wa ke baza yashi a kwandon kaza? Ko dai tsafta ce kawai irin ta mai neman aure?

"Mi kike tona?" in ji Inna. "Kyauta anka kawo miki ko tuhuma?"

"Inna, baƙon kaza ba a sakin shi nan take. Ke kinka koya mini."

"Na kasuwa na ce miki, ban ce na miji ba."

"Bai zama miji ba tukuna."

Tambaya ta sa goro a baki ta kau da kai, irin na mai ji amma wai ba ta ji. Ni dai na ɗauki kwandon na zaga bayan darni, shingen karan gidanmu, inda wani tsohon rumbu ya rushe kusa da lambun kuɓewa, na ajiye shi can na ba shi ruwa a wata fasasshiyar ƙwarya. Na wanke hannu da toka kafin in koma wurin 'yan tsakina.

Bayan Tambaya ta tafi Inna ta same ni a ɗaki. Ta zauna bakin gadon kara, ta yi ta kallon jeren tasoshina na auren fari, waɗanda har yau suke rufe da faifai.

"Hanatu, sa'anninki na goyon na uku. Ke kina goyon kaji. Mutum ya taso da mutuncinai ya yi miki kyauta, kin kai ta bayan gida wurin da ake zubar da shara. In Tambaya ta kai mai labari fa?"

"Kwana kaɗan ne, Inna. In lafiya lau yake ni da kaina zan sake shi."

"Kullum kwana kaɗan. Kajin nan ba za su kira ki Inna ba, ba kuma za su bi gawarki ba."

Maganar ta soke ni. Na san ba ƙina take ba. Tun da na dawo gida take kwana da zancen mutane a kunne.

Ranar kasuwa sai ga Dije, 'yar goggona da ke aure a Kekun Waje. Ta rame. Muna gaisawa ta ce in taimaka mata da sagara ko ɗaya, ta sake kafa iri.

"Ina naki? Ke da kike da akurki biyu."

"Sun ƙare, Hanatu. Ciwo ya shigo garinmu. Kaza sai ta yi tsaye tana gyangyaɗi, fukafukai a ƙasa, can wuyanta ya murɗe tana kallon sama. Kafin mu farga rabi sun tafi. Allah dai ya saka wa Sahabinki, shi ya taho da jaki ya kwashe waɗanda sunka rage. Da arha ya saya, amma da ba shi ba, da ko anini ba mu tsira da shi ba."

Na ci gaba da tsince geron da ke gabana.

"Da ma yana zuwa garin naku?"

"Sau ɗaya ya taɓa zuwa kafin nan. Mutumin kirki, har kyautar zakara ya bar wa mai unguwa."

"Wane iri?"

"Ja, ƙato. Bai daɗe ba shi ma, ciwon da shi ya fara." Ta girgiza kai. "Maigidana ya ce a Wanke ma haka anka yi asara. Shekarar ce ta zo da haka."

"Can ma Sahabi ya saya?"

"Wa ke da jaki da kwanduna in ba shi ba?"

Na ce mata ta yi haƙuri sai ciwon ya lafa, in ta kai kaza yanzu asara ce. Ta tafi ranta ba daɗi.

Ku gaya mini, in ku ne me za ku yi zato? Na yi ta kokawa da zuciyata ina sheƙar gero. Mai yawo da kaji gari-gari ai zai iya ɗauko ciwo bai sani ba. Zato zunubi ne. Amma yashin nan fa? Da na zaga wurin zakaran da yamma, na tarar bai taɓa dawar da na zuba masa ba, ya lumshe ido, numfashinsa na fita da ƙara.

Washegari bayan la'asar Sahabi ya zo zance. Na yi wanka da sabulun da ya aiko, na ɗaura zanena saƙi mai baƙi da fari, na zizara kwalli, na sa tsakiyar murjani a wuya, na yafa fatalarsa. Na ce bari in je masa yadda yake so, in ji abin da zai fito daga bakinsa. Na same shi a zaure kan tabarma, da farar riga ta akoko da hula haɓar-kada, lemarsa jingine da bango, ƙamshin turaren kwalba ya cika wurin.

"Fatalar ta san mai ita," in ji shi.

"Na gode da ɗawainiya."

"Ya baƙon namu? Ya saba da matan gidan?"

Ko lafiyar Baba bai tambaya ba tukuna. Na lura da wannan.

"Yana nan. Ban sake shi ba."

Murmushinsa bai gushe ba, amma yatsan da yake kaɗawa a gwiwa ya tsaya.

"Don mi?"

"Kamar ba shi da lafiya."

"Gajiyar hanya ce. Irin na Turawa ba su son ƙunci. In kinka bar shi a kwando shi ne zai lalace, ki ce na kawo miki mara lafiya. Ki sake shi ya sha iska."

"A ina ka samo shi?"

"Wurin wani mutum."

"Wane mutum?"

"Hanatu, zance na zo ko shari'a?" Ya yi dariya, ya gyara zama. "Ina 'yan wandonki? An ce sun ƙyanƙyashe. Kin san kaza rai gare ta, yau tana nan gobe babu. Ciwo na yawo a ƙauyuka. In wani abu ya taso, ni za ki fara nema, kada ki bari su mutu a banza."

"In Allah ya so ba abin da zai taso."

"Haka muke fata."

Da zai tafi ya ce bari ya gaida Inna. Na shiga na kira ta, na wuce ɗaki. Ta tagar ɗakina ina hango su, shi daga waje, ita daga cikin darni, murya ƙasa-ƙasa. Gaisuwar ta fi ta kullum tsawo. Da ta dawo na tambaye ta me ya ce, ta ce maganar manya ce.

Da safe na ɗauki tukunya na tafi suri ɗebo gara. Allah ya sa raɓa ta yi yawa ranar, don haka na bar Guntuwa da 'ya'yanta da sauran 'yan wando kife da kwando a ɗakina. Ina dawowa na tsaya cak a bakin ƙofa. Jan zakaran nan ne tsaye a tsakar gida, ya tsoma baki a kaskon manyan kajina, su kuma sun kewaye shi suna sha tare.

Tukunyar ta kuɓuce mini ta fashe.

"Ni na sake shi," in ji Inna, tana daka ba ta ko dube ni ba. "Ba za a ce ɗiyata ta wulaƙanta kyautar mai nemanta ba. Ga shi nan lafiya lau, har ruwa shina sha."

Na kama shi na mayar bayan darni, na kifar da kaskon, na share wurin na zuba toka. Amma na san bakin alƙalami ya riga ya bushe. Daga ranar ɗakina ya zama akurki. Na toshe ƙasan ƙofa da tsumma, na sa sabon kasko, ba na shiga sai na wanke hannu da ƙafa na sauya zane. Ko Inna na hana ta shiga, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni.

Zakaran bai ƙara kwana biyu ba ya mutu, wuya a murɗe. Baba ya haƙa rami mai zurfi ya binne shi. Inna ta ce kada wanda ya fitar da maganar, abin kunya ne. Tambaya kuma ta tafi biki Mada, balle a ce ita za ta kai wa Sahabi labari. Muka zuba ido. Na jiƙa maɗaci da barkono da gautan kaji na yi ta ɗura wa manyan, ɗaya bayan ɗaya. Kwanaki suka ɗan shuɗe ba abin da ya faru, har Inna ta fara yi mini kallon kin gani ko.

Sai wata asuba na buɗe akurki na tarar da Wake-wake, kazar da ta fi kowa yi mini ƙwai, a miƙe ta sandare. Biyu na gefenta su ma sun tafi. Sauran sun yi cirko-cirko, fukafukai a zube. Na zauna a ƙasa na ɗora Wake-wake a cinya, hawaye na zuba ban ko sani ba.

Rana ba ta yi zafi ba muka ji kukan jaki a ƙofar gida, da sallamar da na sani. Na leƙa ta zaure. Sahabi ne, jakinsa ɗauke da kwanduna, duka babu komai a ciki. Baba na zaune gindin durumi yana gyaran ƙotar fartanya.

Na koma ɗaki na tattara sabulun da ya rage, da fatalar, da duk abin da ya taɓa aiko mini, na jera a faifai. Na yafa tsohon mayafina na fita. Na durƙusa gefen Baba.

"Baba, a ba ni izini in yi magana."

"Ke ba yarinya ba ce. Yi."

Sahabi ya riga ni. "Na ji abin da ya faru, Hanatu. Allah ya mayar da alheri. Na ce bari in yi sauri in rage miki asara. Ki kawo manyan da sunka rage, da 'yan wandon duka, tun ba su bi sahu ba."

"Wa ya gaya maka?"

"Labari ai ba ya ɓuya."

"Kazar farko da asubar nan ta mutu. Ko maƙwabta ba su sani ba. Kai kuma daga Gusau kake, da jaki. Kafin ka iso nan yanzu, sai dai in tun tana da rai ka ɗaura kwandunanka."

Baba ya ajiye fartanya.

"Hanya ce ta biyo da ni," in ji Sahabi.

"Haka ta biyo da kai Kekun Waje? Haka ta biyo da kai Wanke? Can ma jan zakara ka fara kaiwa."

Fara'ar nan da na daɗe ina so ta zame daga fuskarsa, sai na ga wani mutum da ban sani ba.

"Ko na saya ko ban saya ba mutuwa za su yi," ya ce. "Gara ki amfana."

"Gara in binne su da hannuna da in bari ka ratsa wani gari da su." Na tura faifan gabansa. "Ga kayanka. Na gode."

Ya dubi Baba yana jiran a tsawata mini. Baba ya daɗe yana kallon kwandunan.

"Malam Sahabi, ka ji ta. Ɗauki jakinka. Kuma ka bi ta bayan gari, kada ka ratsa unguwa da kwandunan nan. Maganar Kekun Waje kuwa, zan kai ta inda ya kamata."

Sahabi ya zube kayan faifan a aljihun riga, ya kama igiyar jaki. Har ya yi gaba sai ya juyo, ya yi magana a hankali yadda ni kaɗai zan ji.

"Kin iya bincike. To ki shiga ki tambayi Innarki wa ya fara kawo maganar raba ki da kajin nan. Ba ni ba ne."

Na tsaya har ƙarar kofaton jakin ta ɓace. Sannan na shiga gida. Daga ɗakina ina jin 'yan tsaki na tsiwa suna neman tsakinsu na safe, lafiyarsu lau. Ban nufi can ba. Inna na zaune bakin murhu, wuta ta mutu ba ta hura ba, idonta a kan gawar Wake-wake.

"Inna, gaskiya ya faɗa?"

Ba ta tambaye ni me ya faɗa ba. Ta ja bakin zane ta rufe fuska.

"Ni na ce mai ya san yadda zai yi ya saye su, ko hankalinki ya dawo kan aure. Na ce mai muddin suna nan ba za ki bar gidan nan ba." Ta sauke zanen daga fuska. "Saye na ce, Hanatu. Wallahi ban ce ya kashe su ba."

"Ranar da kunka yi magana ta darni fa? Mi ya ce miki?"

"Ya ce in sake zakaran in kin fita. Ya ce sauran aikin nai ne."

Sai na ga idon Inna ya wuce ni ya tsaya a bayana. Na waiwaya. Baba ne tsaye a bakin zaure da fartanyarsa a hannu, ban san tun yaushe ba. Mutumin da tun da na yi wayo ban taɓa jin ya kira ta da sunanta na yanka ba.

"Hauwa'u," ya ce. "Maimaita abin da kinka faɗa. Daga farko."